Bayan Zariya, retin ɗin wane jirgi zan yi? 737, A320, ƙananan jet ko masu injin giya

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Sultan Bello wani ƙanena da ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya bara ya tare ni a bakin mota, ya ce Yaya don Allah minti biyar, Baba ya sayar da filinsa na Rigachikun ya ce in je in yi retin, wato horon da ke ba matuƙi izinin tuƙa wani nau'in jirgi takamaimai, toh na rasa wanne zan yi, abokaina wasu na cewa Airbus wasu na cewa 737. Minti biyar ɗin nan har la'asar muna tsaye. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, don na san ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ya karɓi lasisinsa daga kwalejin Zariya ko ta Ilorin wannan tambayar ce ke hana shi barci. Ni kuma ta ɓangaren inji zan ɗauko maganar, saboda a simuleta, na'urar nan da ke kwaikwayon jirgi a ƙasa, kusan duk wahalar da za a ba ka a kan inji take, tada shi, mutuwarsa a kan titi dab da tashi, gobara, tsuntsu.

Kafin mu je ga jiragen, ga ma'aunin da zan auna kowanne da shi: kuɗi, daɗewa wato na injin da kuma na retin ɗin kansa a kasuwa, sauƙin koyo ga wanda ya fito daga ƙaramin jirgi irin Diamond, inda ake tuntuɓe, sai wanda ya fi su duka nauyi, wa zai ɗauke ka aiki da shi.

Amma sai mun yi magana ɗaya a kan yadda abin ke aiki tukunna, in ba haka ba teburin da ke ƙasa ba zai yi maka ma'ana ba. Duk jiragen nan huɗu injinsu iri ɗaya ne a tushe. Babbar fanka a gaba tana zuƙo iska, kaɗan daga iskar ta shiga ciki, kwamfresa ta matse ta mataki mataki, a fesa mata mai a murhu a ƙona, iskar mai zafi ta fita tana juya tabain, tabain ɗin kuma shi ke juya kwamfresa da fanka. Mafi yawan iskar ba ta ma shiga wuta, ta gefe take wucewa, kuma ita ke ba da mafi yawan turin. Sanda biyu ne a ciki ɗaya cikin ɗaya kamar kara a cikin bututu, ta fanka ita ce N1, ta cikin ciki mai gudu sosai ita ce N2. Zafin hayaƙi kuma EGT, a wasu jiragen ITT za ka gani. Injin ba turi kaɗai yake bayarwa ba, daga jikinsa ake tatsar iskar sanyaya ɗaki da matsin iskar da fasinja ke shaƙa, shi ke juya janareto da famfon haidirolik, shi ya sa idan inji ɗaya ya mutu ba turi kaɗai ka rasa ba, rabin gidan ne ya shiga duhu sai ka bi cekilis ka gyara. Bambancin jiragen shi ne nawa kwamfuta ta karɓa daga hannunka, nawa ta bar maka.

Maganar kuɗi kuma ɗaya ce a dukkansu ta fuska ɗaya: da dala ake biya. Kuma farashin da makaranta ta rubuta a shafinta ba shi ne ƙarshe ba, akwai karatun aji, awannin simuleta, jarrabawa, sannan sauka da tashi da ainihin jirgi babu fasinja wanda a tsarin Turai guda shida ne ga sabon shiga kuma sau da yawa kuɗinsa daban, ga tikiti ga biza ga masauki. In ka haɗa ya haura dala dubu goma, wani wurin ya ninka. Sannan retin ba fili ba ne da za ka saya ka ajiye ya yi daraja, in ba ka tashi da jirgin ba sai ka sake biyan simuleta don sabunta shi.

Boeing 737

Wannan shi ne jirgin gida. Max Air, Air Peace, Arik, Aero, Azman duk sun yi aiki da shi, kuma retin ɗaya ne ya rufe tsoho wato 300, 400, 500 da kuma NG irin su 700 da 800, ɗan kwas na bambanci kawai ake ƙara maka. Tsohon yana da CFM56-3, NG yana da CFM56-7B mai fanka inci 61 da turi daga fam 19,500 zuwa 27,300 gwargwadon yadda aka saita shi. Kamfanin CFM haɗin gwiwar GE ta Amurka ne da Safran ta Faransa tun 1974, kuma an ƙera CFM56 sama da dubu 30, kaga ke nan babu inda za ka je a rasa injiniyan da ya san shi ko kayan gyaransa.

Abin da nake so da 737 shi ne yana koya maka inji dole. Tada shi da hannu ne. Ka karɓo iska daga APU, ƙaramin injin nan na wutsiya, ka kashe na'urorin sanyi don iskar ta ishi sitata, ka murɗa makunni zuwa GRD, ka zuba ido N2 na hawa, ka tabbata N1 ta motsa, N2 na kai 25 cikin ɗari ka ɗaga libar mai. Daga nan idonka na kan EGT, in daƙiƙa 15 ta wuce bai motsa ba wuta ba ta kama ba, in kuma ya taso a guje yana neman digiri 725 ka mayar da liba ƙasa tun kafin ya kai, in N2 ta tsaya a tsakiya ta ƙi ƙarasawa ya maƙale ke nan. A 56 cikin ɗari sitata ke saki a NG, a tsohon kuma 46. Makon farko a simuleta za ka ji kamar hannu uku kake bukata amma wallahi bayan wata guda ko kana barci za ka yi. NG yana da kwamfutar inji da Boeing ke kira EEC wadda ke tsare N1 da N2 kada su wuce iyaka, amma a sama ba ta tsare maka EGT, iyakar digiri 950 ta lokacin tashi kai za ka kula da shi. Tsohon kuwa na'urar mai ce ta ƙarfe da ɗan taimakon lantarki, in ka danna totur har ƙarshe kana iya wuce iyakar injin. Totur mai sarrafa kansa yana motsa liba a hannunka, kana jin abin da yake yi ko ba ka kalla ba.

Inda ake tuntuɓe: 737 ba shi da allon da zai rubuto maka ga matsala ga abin yi, fitilu ne da littafi, kai za ka gano. Labarin Kegworth na Ingila a watan Janairun 1989 duk malamin simuleta sai ya ba ka shi, 737-400 ne fiffiken fanka ya karye a injin hagu, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya, da suka ja totur baya girgizar ta lafa sai suka ɗauka sun yi daidai, mutum 47 suka rasu. Daga nan ne ake matsa wa ɗalibi, kada hannunka ya taɓa libar kashe inji sai abokin tuƙinka ya kalla ya ce eh shi ne. Sannan injin 737 yana kusa da ƙasa, tsakuwa da shara na shiga cikin sauƙi.

Daɗewa: tsohon 737 kwanansa ya ja, ana ta ajiye su. NG kuwa an ƙera kusan dubu 7, an daina na fasinja wajen 2020 amma yanzu ne ma suke saukowa hannun kamfanoninmu, kuma hanya ce zuwa MAX, sabon samfurin 737. A waje ga Ethiopian, ga ASKY ta Lome, ga flydubai. Kuɗi matsakaici ne saboda simuletarsa ta cika duniya, kwalejin Zariya ma ta sayi simuletar 737NG, kilomita kamar 80 daga nan Kaduna, ka fara kiransu ka ji jadawali kafin ka nemi bizar ko'ina.

Airbus A320

Nan ne yara ke ruɗewa don kokfit ɗin ya fi kyau a hoto. Gaskiya ne jirgi ne mai daɗin aiki. Tada inji: ka juya makunni zuwa IGN/START, ka ɗaga masta wato babban makunnin injin, shi ke nan FADEC, kwamfutar da ke sarrafa injin gaba ɗaya, ta buɗe iska, ta kunna fulogi, ta saki mai, in ta ga zafi ya yi yawa ko wuta ba ta kama ba ita da kanta ta katse, ta hura injin ta sake gwadawa. In inji ya samu matsala allon ECAM zai jero maka abin yi layi layi.

Sai dai sauƙin hannu ne, ba sauƙin kai ba. Libar totur a Airbus ba ta motsi da kanta, ramuka gare ta, TOGA, FLX/MCT, CL, IDLE, bayan tashi ka ajiye ta a CL wato ramin hawa ta zauna nan har sauka, injin na hawa yana sauka liba ko gezau. Wanda bai saba karanta saman allo ba zai iya zama bai san abin da injin ke yi ba. A 2007 a Sawo Fawlo ta Birazil wani A320 ya sauka an ja liba ɗaya baya an bar ɗaya a CL, injin nan ya ci gaba da turi, jirgin ya zarce titi, mutum 199 suka mutu. Kuma iyalin A320 inji huɗu ne za ka iya tararwa: CFM56-5B da ake tuƙa shi da N1, V2500 da ake tuƙa shi da EPR wato ma'aunin matsin iska, sai sababbin LEAP-1A da PW1100G. Retin ɗaya ne amma lambobin iyaka daban daban.

Daɗewa babu tantama, har yanzu ana ƙera shi, kuma daga shi tsallakawa A330 gajeren kwas ne. Kuɗi kusan ɗaya da 737 amma dole ka fita waje. Matsalar ita ce aiki. A320 ɗin da muke gani a filayenmu yawanci haya ce da ke zuwa da matuƙanta, kamfanin ya gama kwangila ya tattara ya tafi. Saudiyya da ƙasashen Larabawa cike suke da shi, flynas, flyadeal, Air Arabia, amma mai awa 200 da retin babu awa ko ɗaya a kan jirgin, kuma ba ɗan ƙasa ba, layinsa na da tsawo. Na san wani da ya yi haka da kuɗin gado, shekara biyu yana sabunta retin yana koyarwa a aji.

Ƙananan jet, ERJ-145 da CRJ900

Waɗannan su ne ba a ɗaukar hoto da su amma su ke ɗaukar sababbi. ERJ-145 mai kujera 50 Rano Air da United Nigeria da Air Peace sun yi aiki da shi, injinsa Rolls-Royce AE3007. CRJ900 kuma Ibom Air da ValueJet, injinsa GE CF34-8C5. Dukkansu injin a baya yake manne da jiki, don haka in ɗaya ya mutu jirgin ba ya fizgar hanci gefe kamar 737, kuma ba ya kwasar tsakuwa sosai. Suna da FADEC, tada injin ERJ murɗa makunni ne kawai ka sa ido a ITT. Amma ga abin da ba a gaya wa yara: ba su da totur mai sarrafa kansa. Gudun jirgi a saukowa da gangara hannunka ne, kuma jet ba kamar Diamond ba ne da kana tura liba yake amsawa, daga IDLE sai ya ɗauki daƙiƙu kafin turi ya zo, in ka bari gudu ya zube dab da titi ka makara. Wanda ya yi awa dubu a haka ba ya jin tsoron wani jirgi, ni a ganina babu makarantar da ta fi wannan.

Tuntuɓen yana can sama inda iska ta yi siriri. A Oktoban 2004 a Amurka wasu matuƙa biyu sun ɗauki CRJ200 babu fasinja suka haura ƙafa 41,000 don nishaɗi, gudu ya zube, injinan biyu suka mutu, sandar ciki ta sandare ta ƙi juyawa, ba su iya tada ko ɗaya ba, dukkansu suka rasu. Daɗewa kuma ita ce rauninsu, an daina ƙera ERJ-145 da CRJ duka wajen 2020 zuwa 2021, retin ɗin ERJ-145 bai rufe manyan Embraer ba, kuma simuletarsu kaɗan ce, sai a je nesa. Matakala ce, ba gida ba.

Masu injin giya, E195-E2 da A220

A taƙaice zan yi wannan don ba retin ba ne da mutum zai je ya saya da kuɗin filin babansa. Air Peace ce ta fara kawo E195-E2 Afirka a farkon 2021, Ibom Air na da A220-300. Injinansu PW1900G da PW1500G na Pratt & Whitney ne, fanka inci 73, an sa giya tsakanin fanka da tabain kusan uku da ɗaya, fanka na juyawa a hankali tabain na gudunsa, iskar gefe ta ninka ta ciki kusan sau 12 inda CFM56 ke wajen sau 5, mai ya ragu ƙara ta ragu. A kokfit komai kwamfuta ne, sai haƙuri wajen tadawa, in injin da sauran zafi sai ya yi ta juya kansa babu mai don sandar da zafi ya ɗan lanƙwasa ta miƙe. A Yulin 2023 kamfanin ya sanar da matsalar garin ƙarfen da aka yi wasu sassa da shi, aka ciro ɗaruruwan injinan wannan iyali don dubawa, jirage suka zauna a ƙasa a ƙasashe da yawa, jirgi in ya zauna kuma matuƙinsa ma ya zauna. Kada sunan ya ruɗe ka, A220 ba ɗan gidan A320 ba ne, asalinsa na Bombardier ne, retin ɗinsa daban.

| Ma'auni | 737 | A320 | ERJ-145 / CRJ900 | E195-E2 / A220 |
|---|---|---|---|---|
| Inji | CFM56-3, CFM56-7B | CFM56-5B, V2500, LEAP-1A, PW1100G | AE3007, CF34-8C5 | PW1900G, PW1500G |
| Tada inji | da hannu | kwamfuta | kwamfuta, ido a ITT | kwamfuta, da jira |
| Totur | mai kansa, liba na motsi | mai kansa, liba a tsaye | hannunka | mai kansa, liba na motsi |
| Kuɗi | matsakaici | matsakaici da kuɗin tafiya | simuleta kaɗan, tafiya nesa | bar wa kamfani |
| Daɗewa | tsoho ya kusa, NG da saura | mai tsawo | gajere | mai tsawo, injin na kan gyaruwa |
| Tuntuɓe | gano matsala da kanka | rashin karanta allo | gudu ya zube | jirgi ya zauna a ƙasa |
| Aiki a gida | da yawa | kaɗan | akwai, har ga sababbi | kamfani ke zaɓa |

Wani abu da teburi ba zai nuna ba shi ne yanayinmu, kuma kowanne ka zaɓa sai ka haɗu da shi. Filin jirgin Kaduna, wanda ya ɗauki jiragen Abuja na mako shida a 2017 lokacin gyaran titinsu, yana sama da ƙafa 2,000 daga teku, ka haɗa da zafin Maris da Afrilu. CFM56-7B yana ba da cikakken turinsa ne har zuwa digiri 30 a bakin teku, sama da haka kwamfuta ke rage shi don kare tabain, a nan tudu kuma iyakar ta ma fi ƙasa. Rage turin tashi da ake yi don tsawaita ran inji, wanda Airbus ke kira FLEX, da rana tsaka jirgi cike ba za ka samu da yawa ba. Ƙurar hunturu kuma tana cin fukafukan kwamfresa, tana toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya tabain, a hankali tazarar da ke tsakanin EGT ɗinka da jan layi tana raguwa, injin da ya tsufa shi ne za ka ga yana leƙa ja a ranar zafi. Sababbin injinan sun fi zafi a ciki, don haka ƙura ta fi damunsu. Da damina kuma shirwa da balbela. Duk mai tambayarka a intabiyu a ƙasar nan zai taɓo ɗaya daga cikin waɗannan.

Toh ƙanena ga yadda na raba. In kuɗin na gida ne, sau ɗaya za a iya fitar da shi, kuma a Najeriya kake son fara aiki, 737 za ka yi, ka karanta tsoho da NG duka don ba ka san wanda za a ɗora ka a kai ba. In wani kamfani mai ERJ ko CRJ ya ba ka takardar ɗauka a rubuce, ko da da sharaɗin za ka yi musu shekaru ko a riƙa cira daga albashi, karɓa ka tafi, awa kake nema yanzu, amma kada ka sayi retin ɗinsu babu wannan takarda. A320 na wanda yake da ƙofa a waje ne, ko takardar zama, ko lasisin Turai, ko kuma wanda ya riga ya tara awanni a jet yana son ƙaura Gabas ta Tsakiya. E2 da A220 ka jira kamfani ya tura ka da kuɗinsa. In kuma har yanzu babu kamfanin da ya amsa maka ko da saƙo ɗaya, ka ce wa Baba a ajiye kuɗin a dala tukunna, ka nemi littafin injin CFM56 ka fara haddace lambobin nan, 25, 56, 725, 950, ranar Asabar in ina gari ka same ni a Kawo in yi maka tambayoyi.